Kalmar da Baba Ya Ɗauko a Ikko

Tibiri, ranar Talata da hantsi

Zuwa ga Yaya Nasiru, a Dogon Dutsi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya a gidan abokinka. Allah ya tsare ka a inda kake, ya tsare ka a inda za ka.

Yaya, ka yi mini haƙuri da na ɗauki bik na rubuto maka. Na san ni ƙanwa ce, ban kai in sa baki a maganarka ba, kuma tun da nake ban taɓa rubuta wa babba takarda ba sai malaminmu na lakwal. Baba ne ya sa ni. Tun jiya ake kiran wayarka, tana kashe. Ka kuma san tun da ciwon nan ya taɓa masa gefe ɗaya harshensa ya yi nauyi, ni ce na fi gane abin da yake faɗi. Yanzu haka yana kwance a rumfa, ni ina bakin tabarma, na yago takardun tsakiyar kayena, littafin da nake rubutu a lakwal. Abin da ya faɗa shi nake rubutawa, inda na sa bakina kuma zan gaya maka. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ga maganar Baba.

Nasiru ɗana, ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka. Iyarku ta gaya mini ran Juma'a za ka hau motar da za ta kai ka iyaka, daga nan sai Ikko. Ban hana ka ba. Da shekarunka ni ma na tafi, na san abin da ke korar saurayi daga gida bayan kaka. Yadda ka fita ne ya dame ni.

Bari in faɗi abin da ka yi, tun da kai ba ka faɗa ba. Ran Asabar ka ari amalanken Cima, matar ƙanena marigayi Gado, tare da bijiminta, za ka kwaso bulo. Ka kwance bijimin a bakin fadama, ka zauna gindin itace kana kallon ƙwallo a waya, shi kuwa ya shiga gonar dawar da aka girbe ya ci gyauro. Babu wanda aka haifa a Arewa da bai san sabon tohon dawa yana kashe sa ba. Ya kumbura, ya faɗi, kafin a kawo wuƙa ya mutu. Ko naman ba ta samu ba. Bijimin nan shi kaɗai gare ta, da shi ake yi wa mutane jigilar ruwa da kara a kawo mata abin miya. Kai kuma ba ka taka ƙofarta ba. Ka aika saƙon murya a wayar maƙwabcinta ka ce, "Sori Inna, ƙaddara ce," ka ɗauki jakarka ka yi Dutsi.

An kunna mata saƙon a gaban mata. Ta ce a sake kunnawa. Da ta ji na biyu sai ta ce, "Kalmar ga na san ta. Ta ubanshi ce."

Gaskiya ta faɗa, tawa ce. Ni na ɗauko ta a Ikko na kawo gidan nan, a bakina ka fara jin ta tun kana rarrafe. Shi ya sa ba zan zage ka ba. Zan gaya maka abin da na yi da ita, da abin da ta yi da ni.

Da na isa Ikko ban san ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba. Na samu baro ina yin dako a kasuwa. Rana ta farko na taka ƙafar wani mutum, na tsaya na sauke baro zan durƙusa in ba shi haƙuri, waɗanda ke bayana suka yi ta zagina na tare hanya. Abokina Tankari, mutumin wajen Sukukutane, ya ja ni gefe yana dariya. Ya ce, "Arzika, nan ba a durƙusawa, baƙauye! Sori za ka ce ka wuce." Na gwada. Na bugi wani da baro, na ce sori, ya ɗaga hannu ya wuce. Na zubar wa wata da tumatir, na ce sori, ta harare ni ta tsince abinta. Wallahi na ji kamar an ba ni laya. Kalma ƴar guntuwa, kana faɗinta kana tafiya, ba sai ka dubi fuskar kowa ba. Daga nan na daina lura da hanya, don na san abin da zan ce in na yi ɓarna. Kuskurena na farko ke nan. Kai in ka je, ka koye ta, za ka buƙace ta a cikin cunkoso. Amma duk ranar da ka ji ta fito bakinka sau goma, ka tsaya ka duba yadda kake tafiya.

Ba zan zalunci kalmar ba, na ga inda aka yi alheri da ita. Wata rana ƙarfe ya tsaga mini tafin ƙafa, jini yana ta zuba. Wata Bayarabiya mai sayar da abinci ta bar tukunyarta a wuta ta zo tana cewa sori, sori, sori. Na yi mamaki, don ba ita ta yanke ni ba. A ranar na gane suna faɗinta a inda mu muke cewa sannu. Ta dafa ruwa da gishiri ta wanke mini, ta yage ɗankwalinta ta ɗaure, tana faɗi tana yi. Har yau ban san sunanta ba, ina sa ta a addu'a. In ka ga wani ya ji ciwo a can ka faɗa masa, amma hannunka ya bi bakinka kamar yadda nata ya bi.

Na kuma ga inda ake rufe baki da ita. Na yi gadi a wani gida, karen maigidan ya cije ni a cinya. Maigidan ya sauke gilashin mota ya ce sori, ya ɗaga gilashin ya tafi ofis. In ka je neman aiki babu, sori za a ce maka a rufe ƙofa. In an kore ka ma, da ita za a fara. Ka san wannan tun yanzu, kada ka ji babban mutum ya faɗa maka ita ka zaci ya tausaya maka. Ka dubi abin da ya yi bayan ya faɗa.

Tankari ya bar kasuwa ya koma aikin gini. Ya faɗo daga bene, nan take ya cika. Shugaban leburori ya tara mu ya ce sori, kafin la'asar an ci gaba da kwaɓa siminti. Na yi kuka ranar, na tsine wa mutumin a zuciyata. To ka ji abin da ni na yi. Ni aka ba rediyon Tankari da takalmansa in kai gida. Na yi kwana biyu a hanya ina tsoron fuskar uwarsa. Da na isa garinsu ban nemi dattijo ya shige mini gaba ba. Na shiga gidan da takalmi a ƙafata, na tarar da ita tana sussukar gero, na ajiye kayan a gabanta ina tsaye na ce, "Inna, sori."

Ta dubi takalman ɗanta, ta dube ni. Ta ce, "Mi kac ce, yaro?"

Na ce, "Tankari ne."

Ta ajiye taɓarya a hankali ta zauna a ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Wa ya wanke shi? An yi mishi salla? An duba mishi gabas?" Duk na san amsar, ni da hannuna na sa shi a kabari. Amma so nake in fita. Na ce an yi komai, na ce mai mota yana jira na. Kafin matan unguwa su taru na bar garin. Bayan shekara na ji ta rasu, an ce har ta mutu tana tambayar masu dawowa daga Ikko ko sun san inda aka binne shi. Nasiru, inda za ka ana mutuwa, kuma wata rana kai za a ɗora wa kayan wani. In haka ta faru, ka fara zuwa wurin maigari ko liman. Ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa. Ka faɗi wanda ya yi wanka, da wanda ya ja salla, da itacen da ke kusa da kabarin. Ka zauna tare da su har sadakar uku, ko aikinka zai lalace.

Yaya, nan Baba ya nemi ruwa. Na ba shi, rabi ya zube a rigarsa. Don in rage masa nauyi sai na ce masa Madam mai koya mana Ingilishi ta taɓa yi mana darasi a kan kalmar. Ta ce ana faɗinta in mutum ya yi nadama, ko in ya ji tausayi, ko in yana neman hanya, ko in bai ji abin da aka ce ba yana so a maimaita. Ta kuma ce asalinta daga kalmar ciwo ta fito, wato mai faɗinta yana nufin abin ya yi masa ciwo a rai. Baba ya dubi rufin rumfa. Ya ce, "Ashe kalmar ba ta da laihi. Ni ne na riƙa faɗinta ba abin da ke yi mini ciwo." Sannan ya ce in rubuta wannan da ke biye, kada in gyara masa ko ɗaya.

Nasiru, kai da ƙanwarka kun taso kun ga ba ma shiga gidan Cima sai da dalili. An ce muku halinta ne. Ƙarya ce, ga dalilin.

Kafin a haife ka na dawo gida bayan kaka, da agogo a hannu da tabar da na koyi sha a Ikko. Ba a shan taba a gaban manya, kuma kakanku yana da rai. Sai na riƙa zagawa bayan gari wajen rumbuna in ɓuya. Ranar da zan koma, da hantsi, ina zaune a inuwar rumbun Gado ina sha, na ji tafiya. Na jefa guntun tabar ƙarƙashin rumbu na miƙe. Gado ne. Ya shaƙi warin, ya yi murmushi ya ce, "Yaya, in Baba ya ji ka, ni ba ruwana." Muka taho gida tare muna dariya.

Kafin azahar wuta ta tashi. Shekarar an yi damina mai kyau, rumbun cike yake har baki, da irin shukarsa a ciki. Mutane suka yi ta jifa da ƙasa, ba a fid da ko dami ɗaya ba. Aka ce yara ne suka gasa gyaɗa. Mutum biyu ne kawai suka san gaskiya.

Da la'asar na rataya jakata na bi ta wurin. Na tarar da shi a durƙushe cikin toka yana tsintar zangarniyar da ba ta gama ƙonewa ba, Cima tana tsaye a bayansa da goyon ƴarsu. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Gado, sori."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Mi ke nan?"

Na ce, "Haka aka cewa can."

Ya ce, "To nan ba can ba ne, Yaya. Hwaɗa mini da Hausa."

Na buɗe baki na kasa. In da Hausa ne, sai na ce ni na ƙona maka rumbu. Sai na durƙusa a gaban ƙanena, mutane suna gani, su ji abin da ya kai ni bayan gari. Na ce masa mota za ta tashi. Na tafi.

Da bazara abinci ya ƙare musu. Gado ya bar gonarsa yana yi wa mutane ƙwadago don ya samo na tuwo, tasa gonar ciyawa ta cinye. Nonon Cima ya ƙafe. Ƴar ta rasu cikin damina. Rai na Allah ne, ba zan ce wutar ce ta kashe ta ba, amma ban taɓa iya raba su biyun a zuciyata ba. Na aiko da buhun gari daga Ikko. An gaya mini ya karɓa. Ni kuma na ce wa kaina magana ta wuce. Kada ka yi wannan kuskuren, ɗana. Na san abin da ke ranka, kana cewa in ka samu a Ikko za ka sayo mata bijimin da ya fi nata. Allah ya ba ka iko ka saya. Amma na aika buhu na gani, buhu ba ya magana.

Shekara biyar muna gaisawa kamar baƙi. Kullum ina cewa in na dawo baɗi zan same shi mu zauna. Aka aiko mini ba shi da lafiya. Da na iso, an riga an fito da shi a makara. Liman ya juyo ya ce duk wanda yake riƙe da mamacin a zuci ya yafe masa. Kowa ya ce mun yafe. Ni ma na faɗa tare da su, sai kunya ta kama ni. Ni me zan yafe? Wanda zai yafe mini shi ne a cikin likkafani. A wurin nan masu rai ne kaɗai suke da baki.

Cima ta tsufa, kuma ka ji tarin da take yi. Wanda ya tafi Ikko yana cewa wata shida, sai ya yi shekara uku. In ka tsallake iyaka ran Juma'a, ban ba ka tabbacin za ka dawo ka same ta ba.

Ga yadda iyayenmu suke neman gafara, tun da ban koya maka ba. Ka tafi da safe, da ƙafarka, da dattijo a gabanka. Ka cire takalmi a ƙofar gida, ka cire hula. Ka durƙusa nesa kaɗan da ita. Ka faɗi abin da ka yi da sunansa, kada ka ce ƙaddara, ƙaddara ita ce za ta faɗa in ta ga dama. Ka ce na bar bijiminki ya ci gyauro ina kallon waya, na gudu ban zo ba, na yi laifi, ki gafarta mini. Daga nan ka yi shiru. In ta yi faɗa ka sha, in ta zagi ubanka ka sha, ta san abin da take zagi. Kada ka tashi sai ta ce tashi. In ta miƙo maka ruwa a ƙwarya ka sha, an gama ke nan. In ba ta miƙo ba, ka koma gobe.

Yaya, a nan ne na yi abin da ban san ina da ƙarfin yi ba. Na ajiye bik, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, kai ka taɓa zuwa wurin Inna Cima ka yi hakan?"

Iya tana tankaɗe a bakin madafa, ta ce, "Ke Zalika! Bakinki!"

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Ƙyale ta."  Sai na ga hawaye yana bin gefen fuskarsa da ba ya motsi, yana shiga kunnensa. Ya ce, "Ban taɓa ba. Ɗiyar wa ta mutu in ba tata ba? Shekara nawa tana gaishe ni da jiki, ni ko ina amsawa." Ya ce in je in kira Malam Bawa maƙwabcinmu. Suka yi magana, na dawo na ɗauki bik. Ga sauran.

Nasiru, ƙanwarka ta kama ni. Ina ta koya maka hanyar da ban bi ba. To ran Alhamis da hantsi Malam Bawa zai ɗora ni a amalanken jakinsa ya kai ni ƙofar Cima, shi ne dattijon da zai shige mini gaba. Ba na iya durƙusawa, sai dai a kwantar da ni a ƙasa. Harshena kuma ka san yadda ya koma, ban sani ba ko za ta gane abin da nake faɗi, amma da Hausa zan faɗa. Zan jira ka a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidanta har rana ta take tsaka. In ka zo mu shiga tare, ni in faɗi nawa, kai ka faɗi naka, Juma'a ka hau motarka da albarkata. In ba ka zo ba zan shiga ni kaɗai, amma nawa kawai zan iya faɗi, naka ba mai faɗa maka.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka ci halal, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Allah kada ya sa ka tsaya a bakin kabarin kowa da magana a bakinka. Amin. Ni ne ubanka, Arzika.

Yaya, maganar Baba ta ƙare. Ya sa na shafa masa tawadar bik a babban yatsa ya dangwala a ƙasa, don kada ka ce ni na ƙirƙira. Zan kai wa direban motar Dutsi takardar yanzu, ya ce ya san gidan abokinka. Iya tana gaishe ka. Ta wanke wa Baba farar rigarsa ta salla, ta kuma wanke taka shuɗiyar da ka bari, ban ji wanda ya ce ta wanke ba.

Ni ma za ni ran Alhamis, zan nemi izini a lakwal, don in Inna Cima ba ta gane maganar Baba ba ni zan maimaita mata. Tsoro nake ji, Yaya. Ban san yadda zan buɗe baki in ce mata ni na ƙona rumbu ba, ko da laifin ba nawa ba ne. In kana gefena zai fi mini sauƙi.

Ka yafe mini in na faɗi abin da ya fi ƙarfina. In ba ka samu zuwa ba, ina neman izininka in sake rubuto maka sau ɗaya, in gaya maka ko ta miƙo ruwan. Amma na fi so ka gani da idonka.

Ƙanwarka,
Zalika